Goggo Rikoda da gaisuwar da aka yanke

Kafin masu shara su gama da baranda, Goggo Rikoda ta riga ta iso cibiyar nazarin al'ummun Afirka ta jami'armu. Ba ta bi ta babbar ƙofar gilashin nan mai buɗe kanta da zarar mutum ya matso. Ta ce ƙofar da ba ta jiran sallama ba ta da tarbiyya. Ta baya take zagayawa, ta wuce ɗakin janareta, ta sauka matakala zuwa wani ɗaki mai taga ɗaya, inda kaset-kaset suke jere a kan katako tun daga ƙasa har rufi. Sai ta rataye mayafinta a ƙusa, ta sa tabarau, ta zaro kaset ɗin da layi ya zo kansa, ta hure masa ƙura, ta sa shi a na'ura ya zagaya daga farko har ƙarshe. Kaset idan ya daɗe a kwance zarensa mannewa yake yi, muryar da ke ciki ta shaƙe. Shi ya sa kullum sai ta tashi wasu daga barci. Idan zare ya tsinke, ta ɗauko reza da ɗan salatif ta haɗa shi, tana cije leɓe kamar mai cire wa jariri ƙaya. Na'urar sanyaya ɗakin an daɗe da cire ta an kai falon saukar baƙi. Fanka ɗaya ce ta rage, ita ma wajen kaset ɗin Goggo take juya ta, ta bar kanta da mafici.

A ƙarshen zangon karatun nan za ta ajiye aiki. Na zauna da niyyar rubuta mata jinjina mai sanyi, irin wadda ake karantawa ana murmushi ana tafi, amma abin da ya faru a cibiyar bana ya hana ni. Ku yi haƙuri da zafin da za ku ji. Wanda ya ga abin da aka yi wa matar nan ransa bai ɓaci ba, ya kamata a duba lafiyarsa.

Kada wani ya ce ina raina ci gaba. Lokacin da aka ɗauki Goggo aiki, wannan cibiya ɗan sashe ne mai ɗaki biyu a bayan laburare, da malamai ƙalilan waɗanda sauran jami'a ke yi wa kallon masu tara tatsuniya. A zamanin, mai son sanin kakanninsa sai dai ya karanta abin da baƙo ya rubuta bayan ya kwana biyu a ƙauye, ya auna mana kai da hanci, ya koma gida ya raɗa mana sunan da ya ga dama. Yau bene ne hawa-hawa. Ana ba da digiri har na uku a harsuna da tarihi da kiɗa da magani da zamantakewa. Ɗalibai na zuwa daga ƙasashen da a da mu ne muke zuwa can a gaya mana ko mu su wane ne. Duk ranar da na ga 'yar manomi ta tsaya gaban manyan malamai tana kare bincikenta a kan waƙoƙin kakarta, tsikar jikina tashi take yi, idona ya ciko. Nasara ce, kuma tamu ce.

Amma a kan me aka ɗora benen? A kan muryoyin mutanen da suka ajiye aikinsu suka zauna suka yi magana. Kuma muryoyin mata da ke cikin ɗakin ƙasan nan, kusan dukansu mutum ɗaya ce ta shiga ta ɗauko su.

A matsayin mai buga tafireta aka ɗauki Goggo. Sai malaman suka lura binciken nasu duk a ƙofar gida yake tsayawa. Su zauna da maigida a waje ya ba su labarin yaƙi da mulki, abin da ke cikin gida kuwa ko ƙamshinsa ba su ji. Wata rana aka rataya mata rikoda a kafaɗa aka ce ta shiga ta gwada. Ta shiga, ta fito da abin da ya ishi mutum uku rubuta littafi. Daga ranar ɗalibai suka sa mata Anti Rikoda, da shekaru suka ja aka ƙara mata girma zuwa Goggo.

Tana da wata ɗabi'a da ta sha faɗa a kanta. Tun daga bakin ƙofa take danna maɓallin ɗauka, kafin ta yi sallama. Saboda haka kowane kaset nata da gaisuwa yake farawa: ina kwana, ina gajiya, yaya yara, yaya mai jiki, ga kukan akuya, ga ƙarar tabarma ana shimfiɗawa. Idan an zauna sai ta ajiye na'urar a gaban matar ta ce, “Kin ga abin nan, tun daga ƙofa yake ji. In ba ki so, yanzu in goge.” Ta tambaye ta sunanta, da sunan wadda ta koya mata abin da za ta faɗa. Sannan ta zo kan tambayar da ba ta taɓa tsallakewa ba: “Wa kika yarda ya ji wannan?” Wata ta ce kowa ya ji, a gaishe mata da gwamnati ma. Wata ta ce mata kawai. Wata ta ce sai bayan ranta. Goggo ta amsa da “Na ɗauka.” Wanda ya san ta ya san nauyin kalmar nan a bakinta. Duk malami ko ɗalibin da ya sauko neman kaset, sai ta fara sauraron farkon kaset ɗin kafin ta miƙa, ko ta hana.

Tsohon direban sashen, wanda kowa ke kira Baba Direba, shi ya yi ta yawo da ita a ƙauyuka. “Mu muna cikin mota rana na gasa mu,” in ji shi, “farfesa na duba agogo yana tsaki, ita tana ciki tana tambayar lafiyar kaji. In ta fito ya ce, ‘Batirin jami'a kike ƙonawa a kan ina kwana?’ Sai ta ce, ‘Ranka ya daɗe, ɗaura zane ka shiga da kanka.’” Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. “Akwai ranar da muka kafe a laka, ruwa na shiga mota. Na ce kowa ya ceci kansa. Na waiga na gan ta tsaye a cikin ruwa har gwiwa, jakar kaset a ka, takalminta na tafiya tana kallonsa.”

Ke ce kika shiga inda digiri bai isa ya shiga ba, Goggo. Ke ce kika zauna a ƙasa kika ci abin da aka ba ki, kika riƙe jaririn wata don ta samu ta ƙarasa magana. Littattafan da aka rubuta da guminki sun cika kanta guda a laburare, na bi shafin godiyarsu ɗaya bayan ɗaya. An gode wa masu tallafi, an gode wa matan aure saboda haƙuri, wani ma ya gode wa motarsa. Ke kuwa kina cikin “da sauran ma'aikata”.

Bana aka samu tallafi daga waje don a juye kaset ɗin duka zuwa kwamfuta, a ɗora a intanet duniya ta ji. Ba wanda ya kai Goggo murna, don ta fi kowa sanin zaren kaset ba ya dawwama. Sai aikin ya faɗo daidai lokacin da aka yi wa mijinta aikin ido, ta ɗauki hutu tana jinya. Aka ba wani kamfani kwangila. Ma'aikatan kamfanin suka saurari kaset biyu-uku, suka hau wurin Darakta suka ce kowanne da surutu yake farawa. Daraktan nan ɗalibi ne a sashen lokacin da Goggo ke yawon ƙauyuka, ta sha raba masa guzurinta a hanya. Ya ba da umarni a taƙaice: a yanke gaisuwa, a fara daga inda bayani ya fara. Ya ƙara da cewa hakan ma ya fi, tun da sunayen mutane a cikin gaisuwar suke, cire su kariya ce gare su.

Ku dubi kuskuren nan da kyau, don wanda bai je makaranta ba ba zai yi shi ba. Sai wanda ya yi karatu har ya koyi raba maganar mutum gida biyu, wannan bayani, wannan surutu. Mutanen da suke koyar da darasi guda a kan muhimmancin gaisuwa a al'adun Afirka, suna ba da jarrabawa a kai, suna kayar da ɗalibai a kai, su ne suka sa almakashi suka datse ta. Tare da ita suka datse duk wani sharaɗi da wata uwa ta gindaya.

Muryoyi suka hau intanet, kowace da lamba da ɗan bayani: mace, dattijuwa, riƙon yara, mace, dattijuwa, rabon gado. Don a tallata bikin buɗe shafin, aka riƙa gutsuro masu taɓa zuciya ana watsawa a wayoyin mutane. Goggo ta dawo aiki aka ce mata an gama lafiya, ta yi hamdala. Ba wanda ya gaya mata an yanke gaisuwar.

Wata safiya wata nas ta sauko matakalar da fararen kayanta na aiki, ko sallamar kirki ba ta iya ƙarasawa ba. Ta miƙa wa Goggo waya ta danna. Muryar wata dattijuwa ta fito kai tsaye: “Ba ni na haife shi ba. Wata matafiya ce ta sauka a rumfata da zazzaɓi, kafin a nemo mota ta cika, ta bar shi yana tsotson hannu. Muka yi cigiya, ba wanda ya zo. Ni da malam muka tashi daga garin da shi, muka ce namu ne. Ga shi can yanzu yana koyon aikin kafinta.”

“Innarmu ce,” in ji nas ɗin. “Yayanmu take nufi. Shi ya aurar da mu, shi ya sa ta a kabari da hannunsa. Jikoki gare shi, Goggo, kuma bai sani ba. Mu ma ba mu sani ba sai jiya, da wata abokiyar aikina ta turo mini wai in ji labari mai ban tausayi. Duk unguwarmu ba wanda bai san muryar Inna ba.”

Goggo ta duba lambar, ta taka kujera ta zaro kaset ɗin, ta sa abin sauraro a kunne ta ji kansa ita kaɗai. Da ta cire, sai ta dafe goshi. Matar ta sa sharaɗi kada maganar ta fita muddin ɗan yana raye, kuma ga muryarta nan, ita Goggo, tana amsawa da “Na ɗauka.”

“Koma bakin aikinki, 'yata,” ta ce. “Za a sauke shi kafin ya kai kunnensa.”

Ta hau bene wurin Darakta da gwiwoyinta masu ciwo, ba ta jira sakatariya ta yi mata iso ba.

“A'a, Goggo! Yaya mai ido?”

“Da sauƙi. Wa ya yanke mini kan kaset?”

Darakta ya yi mata bayani da muryar da yake karantarwa da ita. Ita ma ta yi masa nata, na nas da yayanta. Fuskarsa ta ɗan canza, amma ya ce, “Ai babu sunan kowa a kai. Ƙa'idar bincike muka bi, mun ɓoye masu magana.”

“Ka ɓoye suna ka saki murya? Ɗan nan, in mahaifiyarka ta yi tari a bayan katanga, sai an gaya maka sunanta kafin ka gane ta?”

Ya sunkuyar da kai yana juya biro. “Na ji, kuma wallahi bai yi mini daɗi ba. Amma shafin yana hannun kamfani. Kamfani ba ya taɓa komai sai da izinin kwamiti, kwamiti kuma ba zai zauna ba sai bayan biki. Masu tallafi suna tafe, yawan muryoyin da muka ce mun ɗora shi za su duba. In na sauke ɗaya yau, gobe ki ce mini ɗari.”

“Za su yi ɗari, ko su fi. Ni kaina ban sani ba sai na saurara.”

“Kin gani? Ki rubuto a takarda, Goggo.”

“Ita da ta ba ni amanar, a takarda ta ba ni?”

Ta rubuta ɗin. Ta kai ofishin shugaban kwamiti, aka ce ya yi tafiya ƙasar waje, taron kare martabar al'adun Afirka. Ta kira kamfani, wata murya mai daɗi ta ce buƙatarta tana da muhimmanci a gare su. Ta je wurin mataimakin Darakta, ya ce shi ɓangaren karatu yake kula da shi. Ta tsaya a ƙofar lauyan jami'a har ƙafarta ta kumbura, ya fito ya tambaye ta ko tsohuwar ta sa hannu a wani abu. Kowa ya tausaya, kowa ya girgiza kai, kowa ya nuna mata ƙofa ta gaba. A duk tsawon wannan kai-komo muryar tana tafiya daga waya zuwa waya, mutane na tura wa juna da hoton fuska mai hawaye.

A gida mijinta, tsohon tela, yana zaune da bandeji a ido ɗaya, da ɗayan ya lura kwanonta yana komawa yadda ya zo.

“Ni dai da ni ne,” ya ce, “in shiga in zare wayar kwamfutar daga bango, kowa ya huta.”

“Malam, abin ba a bango yake ba. Yana aljihun kowa.”

“To wace irin ajiya ce wannan, da mai ita ba ya iya ɗaukowa? Ni ko yadin mutum na yanka ba daidai ba, ba na barci.” Ya matso mata da kwanon. “Ci abinci. Ke da kika kusa bar musu aikinsu, za ki kashe kanki a matakala?”

“Aikin nasu ne, zan bar musu. Alkawarin kuwa da bakina na yi shi, ba da bakin jami'a ba.”

Aka yi biki. Aka yanka ƙyalle, aka yi jawabai. Wani babban baƙo ya ce yau muryoyin iyayenmu mata sun samu 'yanci, aka yi tafi har da tsayuwa. Ina cikin zauren, kuma ban taɓa jin tafi ya yi mini ɗaci irin na ranar ba. Goggo tana ƙasa, ba a gayyace ta ba.

Bayan 'yan kwanaki yayan nas ɗin ya zo. Dogon mutum ne, furfura ta fara cin gemunsa, garin katako a gashin hannunsa. Ƙanwarsa nas tana bayansa idonta jajir.

“Ke ce mai rikoda?”

“Ni ce. Sannu da zuwa, ga kujera.”

“Ban zo zama ba. A shagona wani ya kunna, yana jiran in gama masa ƙofa, ma'aikatana duk suna ji. Muryar da ta riƙa tashina sallar asuba tun ina yaro, ita ce take gaya wa duniya ba ita ta haife ni ba. Ni ba ta ga na isa ta gaya mini ba, sai baƙuwa mai na'ura. Tun ranar hotonta na juya shi yana kallon bango. Zuwa na yi in ga wadda ta fi ni daraja a wurinta.”

Goggo tana iya cewa ba ita ta yanke ba, tana iya nuna masa bene, kuma da ba ta yi ƙarya ba. Ba ta yi ba. Ta kalli kaset ɗin da ke kan teburinta. Sharaɗin cewa ya yi kada ɗan ya ji. Amma ya riga ya ji, kuma rabin da ya fi ciwo aka ba shi. Ta roƙi gafarar matar a zuciyarta.

“Ni na yi mata alkawari, kuma a hannuna ya karye,” ta ce. “Ba zan ce ka yafe ba. Amma abin da ka ji an datse masa kai. Ka ji farkonsa, sannan ka zage ni son ranka.”

Ta danna. Kaset ya yi shuu, sai ga sallama, muryar Goggo ce tana matashiya. Aka amsa daga ciki. Ga tsohuwa tana korar akuya daga bakin randa tana kiranta mara kunya, ga ta tana cewa a kawo wa baƙuwa ruwa. Aka gaisa, aka sake gaisawa. Daga nesa ana jin ƙarar zarto. Sai tambayar ta zo: “Inna, wa kika yarda ya ji wannan?”

Tsohuwar ta amsa: “Ku masu karatu ku ji a ɗakinku na karatu, ko wani zai koyi riƙon maraya. Amma kada ya fita waje muddin babban ɗana yana numfashi. Kina jin sa can yana fama da zarto? Sauran 'ya'yana zuwa suka yi ba a tambaye ni ba. Shi kuwa ni na miƙa hannu na ce ina so. Ba na son ko na yini ɗaya ya zauna a ɗakina yana jin kamar baƙo ne. Ki ce kin ɗauka.”

“Na ɗauka, Inna.”

“To kunna abin naki.”

“Ai na gaya miki tun daga ƙofa yake ji.”

“Laa! Har zagin da na yi wa akuya?”

Dariyarta ta cika ɗakin. Goggo ta tsayar da kaset ɗin daidai nan.

Mutumin da ya ce bai zo zama ba yana zaune a ƙasa, bayansa jingine da kantar kaset, bai san lokacin da ya zauna ba. Nas ta toshe baki da mayafi.

“Mayar baya,” ya ce.

Ta mayar. Ya sake ji. Ya ce a ƙara, ta ƙara. Can ya share fuska da tafin hannu, garin katako ya manne masa a kumatu. “Zarton nan ita ta saya mini,” ya ce wa ƙanwarsa. Sannan ya dubi Goggo. “Ki ba ni shi.”

Dokar cibiya ta ce kaset dukiyar jami'a ce, ba ya fita daga ɗakin. Goggo ce ta yi shekaru tana tsare dokar, ta hana farfesoshi. Ta zare shi daga na'ura, ta naɗe a hankicinta, ta miƙa masa da hannu biyu. “Naka ne. Aro muka yi.”

Ya miƙe, ya bi kantocin da kallo har rufi. “Akwai wasu irina a nan?”

“Akwai.”

“Su wa zai kunna musu farkon?”

Bai jira amsa ba ya hau bene. Sakatariya ta ce bai ɗaga murya ba, tsayawa kawai ya yi a gaban teburin Darakta ya ce ba zai fita ba sai an rufe. Kafin shayin Darakta ya huce an rufe shafin gaba ɗaya. Ashe ana iya yi ba kwamiti. Ashe kamfani yana ɗaga waya. Abin da dattijuwa ta yi ta hawa da sauka tana roƙo, da takarda da ladabi da ƙafa a kumbure, an yi shi nan take da namiji mai faɗin kafaɗa ya tsaya a ka. Wannan shi ne abin da ba zan yafe ba.

Ita kuma me ta samu? Takardar tuhuma, a kan fitar da dukiyar jami'a ba da izini ba. Sunanta yana cikin waɗanda za a karrama a ƙarshen zango, aka ce a dakata sai an gama bincike. Wanda ya ba da umarnin yanka ba a tuhume shi da komai ba, ya ma samu gayyata ya je ya ba da lacca a kan adana muryoyi. Shafin an ce ba za a sake buɗe shi ba sai an saurari kan kowane kaset an ware wanda aka yarda a ji. Ku tambayi wa aka bar wa aikin. Tana can yanzu, abin sauraro a kunne, tana bin su ɗaya bayan ɗaya. Ba za ta gama kafin ranar ajiye aiki ba. Ta ce za ta ci gaba da zuwa har ta kai na ƙarshe, in masu gadi sun bar ta ta shiga.

Goggo, mai riƙon amanar waɗanda ba su nan balle su yi ƙara, mun gode. Mun gode da kika ɗauki alkawarin da kika yi wa mai sayar da kaya a rumfa da nauyin da wasu ba su ba rantsuwarsu ta kama aiki ba. Mun gode da ba ki ɓuya a bayan bene ba ranar da mai haƙƙi ya zo. Allah ya saka miki, ya ƙara wa malam lafiyar ido, ya sa ki huta hutun da kika cancanta.

Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai da matasan malamai, mu da za mu gaji benen nan: fanninmu yana girma, kuma ina roƙon ya fi haka girma. Amma duk wanda zai fita da waya ko rikoda ya ɗauko maganar wani, ya tuna mai maganar yana da 'ya'ya, kuma 'ya'yan suna da kunne. Ku tambaya kafin ku ɗauka, ku riƙe abin da kuka amsa. Masu hali a cikinku su sauka ɗakin ƙasa su karɓi abin sauraro ɗaya, aikin ya fi ƙarfin mutum guda. Masu murya a majalisar jami'a su tashi su ce a janye takardar tuhumar nan, abin kunya ce gare mu duka.

Kafin in rubuta wannan sai da na je shagon kafintan na tambaye shi wa ya yarda ya ji. Ya ajiye abin da yake gogewa, ya dube ni.

“Waɗanda suka ji rabi sun riga sun yi yawa,” ya ce. “Rubuta kowa ya ji. Amma in ka zo inda ta ce ita ta miƙa hannu, ko harafi ɗaya kada ka rage.”